Turken Awo: Abin da Ɗan Safiyo a Abuja Ya Tsinta a Tarihin Maori

Duk inda za a raba mutane da ƙasarsu, irina ake fara turawa. Soja daga baya yake zuwa, in ma an buƙace shi. Ɗan safiyo ne ke shiga gaba, da na'urarsa mai ƙafa uku, da yaro mai riƙe sanda, da turakun siminti a bayan mota. Sana'ata ke nan a Abuja, da ita nake ci da iyali, kuma ba na jin kunyarta. Amma tun da na shiga karatun tarihin mutanen Maori na ƙasar Niyu Zilan, duk shafin da na buɗe sai na tarar da ɗan'uwana a sana'a tsaye a tsakiyar rigimar.

Abin da ya ja ni can shi ne bidiyon nan da ya zagaya wayoyi a Nuwamban 2024, na 'yar majalisar nan Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, mai shekara 22 a lokacin, da ta yaga takardar wani ƙudurin doka a zauren majalisa, ta ɗaga murya da kirarin gargajiyarsu da suke kira "haka" da harshensu, 'yan'uwanta suka taso suna taya ta. A zaurenmu na WhatsApp dariya aka yi ta yi, wani ya ce bori ne ya hau ta. Kafin nan yawancinmu ba mu san komai a kan ƙasar ba in ban da harin masallatan Christchurch na 2019, inda aka kashe mutum 51 ranar Juma'a. Ni dai na ga fuskar yarinyar ba ta wasa ba ce, sai na nemi sanin takardar da ta yaga.

Maori sun iso tsibiran Niyu Zilan cikin jiragen ruwa daga gabashin Folinishiya wajajen 1250 zuwa 1300. Kyaftin Cook ya zo a 1769, bayansa masu farautar manyan kifaye, da 'yan mishan, da masu sayar da bindiga. Ranar 6 ga Fabrairu 1840 aka sa hannu a Yarjejeniyar Waitangi tsakanin wakilin Sarauniyar Ingila, William Hobson, da sarakunan Maori. Sama da 40 ne suka sa hannu a ranar, aka yi ta yawo da takardar har suka haura 500. Takardar kuwa biyu ce. Ta Turanci ta ce sarakuna sun miƙa wa Sarauniya mulki ɗungurungum. Ta harshen Maori, wadda wani ɗan mishan Henry Williams da ɗansa suka fassara cikin dare ɗaya, kuma ita kusan kowa ya sa wa hannu, ta ba Sarauniya ikon naɗa gwamna, ta bar wa sarakuna cikakken ikonsu a kan ƙasarsu da ƙauyukansu da dukiyarsu. A lokacin Turawan da ke zaune a ƙasar ba su wuce 2,000 ba, Maori kuwa dubbai ne barkatai. Wane sarki ne mai mayaƙa zai miƙa ƙasarsa ga baƙin da bai fi ya ƙirga su ba? Zuwa 1858 Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun riga sun fi su yawa.

To ga inda mutanena suka shigo. A 1843, a kwarin Wairau, wani kamfanin Ingila ya ce ya sayi ƙasar, sarakuna biyu, Te Rauparaha da Te Rangihaeata, suka ce ba su sayar ba, a jira mai binciken da gwamnati ta naɗa. Kamfani bai jira ba, ya tura 'yan safiyo. Sarakunan suka fitar da su ba tare da sun taɓa lafiyar kowa ba, suka ƙone bukkokin da suka yi, bisa hujjar cewa da ciyawa da itacen ƙasarsu aka gina su. Sai Turawa suka ɗauko takardar kamu a kan laifin ƙone-ƙone, suka zo da bindigogi. Turawa 22 suka mutu, Maori aƙalla 4, ciki har da matar Te Rangihaeata. Gwamna FitzRoy da ya zo daga baya ya duba maganar, ya ce laifin Turawan ne.

Rikicin Waitara, a yankin Taranaki, ya fi taɓa ni, domin na san irinsa. A 1859 wani mutum mai suna Te Teira ya miƙe a taro ya ce zai sayar wa gwamna fili, kimanin eka 600. Babban sarkin wurin, Wiremu Kingi, ya ce filin na jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba, kuma ba za a sayar ba. Daidai yake da gandun gida da kakanni suka bari, ƙane ɗaya ya yi fushi da yayansa ya je ya kira dillali. Gwamna Gore Browne ya zaɓi ya saurari ƙanen. Da 'yan safiyo suka iso a farkon 1860, mata ne, ba makami a hannunsu, suka tare su suka hana awon. Gwamna ya kafa dokar soja, a watan Maris aka fara harbi. Daga wannan eka 600 yaƙin Taranaki ya tashi.

A 1863 sojojin Gwamna George Grey suka kutsa Waikato, ƙasar sarkin da ƙabilu suka haɗu suka naɗa a 1858 musamman don a daina sayar da ƙasa. Majalisar Turawa ta yi dokar da ta ce duk ƙabilar da aka kira 'yar tawaye an ƙwace ƙasarta. Waikato kaɗai ta rasa kimanin eka miliyan 1.2.

Sai dai abin da ya fi ba ni mamaki, ba bindiga ce ta cinye mafi yawan ƙasar ba. Kotu ce. A 1865 aka kafa kotun filayen 'yan ƙasa, aikinta ta mai da ƙasar da dangi ke riƙe da ita a haɗe ta zama ta mutane masu suna a takarda. Da farko ma sunan mutum goma kacal ake rubutawa a kan filin da ɗaruruwa ke ci a cikinsa, kuma a idon doka waɗannan goman su ne masu shi, kowannensu na iya sayar da rabonsa. Mutum ɗaya ya isa ya kai ƙara a buɗe shari'ar fili, in ba ka halarta ba ka rasa. Kotun takan zauna a garin Turawa mai nisa, a yi makonni ko watanni, mutane su bar gonakinsu su tare a can suna cin bashin abinci a kantuna. Kuɗin safiyo kuma a wuyan masu filin yake. Ka ci shari'a, a tabbatar maka ƙasar kakanka taka ce, sannan ka yanki wani ɓangare ka sayar don ka biya mai awo da lauya da mai kanti. A 1860 kimanin kashi 80 cikin 100 na Tsibirin Arewa na hannun Maori. A 1890 ya koma kashi 40, a 1939 kashi 9. Tsibirin Kudu tun kafin nan ya tafi: a ciniki ɗaya na 1848 an karɓi kimanin eka miliyan 20 a kan fam 2,000. Da wani sarki, Wi Parata, ya kai ƙara a 1877, alƙalin alƙalai James Prendergast ya ce yarjejeniyar ba ta da wani matsayi a doka.

Parihaka kuwa, wani gari na Maori, duk mai son ya san mutanen nan ya karanta labarinta. Shugabanninta biyu, Te Whiti da Tohu, sun hana mabiyansu ɗaukar makami. Da aka fara awon ƙasar da aka ƙwace, sai su bi su tuge turakun. Daga 1879 suka riƙa fita da garma suna huɗa a gonakin da aka ba Turawa. A kama waɗannan, gobe wasu su fito da garmarsu. An tura ɗaruruwa kurkuku a Tsibirin Kudu, da yawa ba shari'a. Ranar 5 ga Nuwamba 1881 mutum kusan 1,600 ɗauke da makamai suka shiga garin, yara suka tarye su da waƙa, manya na zaune a ƙasa. Aka kama shugabannin, aka rusa gidaje, aka yi wa mata fyaɗe. Sai a 2017 gwamnati ta je har garin ta nemi gafara.

Duk wanda ya yi aikin fili ya san zafin ka dawo da safe ka tarar an tuge turakun da ka wuni kana kafawa. Ya sha faruwa da ni. Akwai wani aiki da muka yi a gefen wani ƙauyen Gbagyi, can ta hanyar filin jirgi, za a yanka fulotai. Rana ta biyu wani dattijo ya zo ya tsaya a inuwar ɗorawa yana kallonmu, fartanya a kafaɗa. Hausarsa tas. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ko akwai magana?"

Ya ce, "Malam, wannan dutsen da yaronka ya binne, ka san a kan me ya binne shi?"

Na ce ban sani ba. Ya ja ni taku kaɗan, ya sa ƙafa ya share busasshen ganye. Wasu duwatsu ne jere, sun nutse rabi a ƙasa, in ba an nuna maka ba sai ka ɗauka ruwa ne ya tara su. Ya ce nan mahaifinsa yake, nan kakansa, can kuma matar kakan. Na buɗe taswirar da aka ba ni. Wurin fari fat, ba ƙauye, ba kushewa, sai lambobin fuloti. Na ce masa, "Baba, ni aike ne, takarda aka ba ni." Ya ce ya sani, waɗanda suka zo ƙirga itatuwa ma haka suka ce. An ƙirga masa yazawa da mangwaro da kunyoyin doya, an rubuta kuɗinsu. Ƙasar kanta ba a sa mata kuɗi ba, don a doka ba tasa ba ce.

Kuma gaskiya ne, a doka ba tasa ba ce. Dokar soja mai lamba 6 ta Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta yanko kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga yankunan da a yau suke Neja da Nasarawa da Kogi, ta damƙa wa Gwamnatin Tarayya. Sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya sake tabbatar da haka. An zaɓi wurin ne don yana tsakiya kuma ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku, daga nan kuma magana ta zame a bakin mutane ta koma wai ƙasar ba ta kowa ba ce. Alhali akwai Gbagyi, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Bassa, da Ganagana da sauransu. Da farko an yi niyyar kwashe kowa a sake masa matsuguni a waje, da aka ga kuɗin sai aka sauya shawara, aka ce sai wanda gini ya iso kansa. Shi ya sa akwai Sabon Wuse a jihar Neja, shi ya sa kuma har yau za ka ga tsohon ƙauyen Garki a matse tsakanin benaye. Maitama, Asokoro, Jabi, Utako, Durumi, duk sunayen garuruwan mutane ne kafin su zama adireshin masu kuɗi. Ladi Kwali, mai ginin tukwane 'yar Gbagyi, tana bayan takardar naira 20, amma jikokin maƙwabtanta ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu. Sai a 2023 aka fara ba ɗan asalin yankin kujerar minista.

Ba na cewa Abuja Niyu Zilan ce. Babu jirgin yaƙi a nan, babu baƙin haure daga wata nahiya, gwamnatin ƙasarsu ce ta karɓa don gina birnin da yake na kowa, har da su. Mu Hausawa ma ba jiya muka zo yankin ba: sarakunan Zazzau da jihadi ya koro su ne suka kafa garin Abuja a 1828, wanda ya ba da sunansa ya koma Suleja. Kuma na san yadda kalmar "ɗan asali" take zama wuƙa a ƙasar nan. Dangin mahaifiyata a Jos suke, kakanninsu sun je ne zamanin haƙar kuza, kuma har gobe ana ce musu baƙi idan aka zo maganar takardar shaidar ƙaramar hukuma. Mun binne mutane a 2001 da 2008 da 2010, Birom da Afizere da Anaguta su ma sun binne nasu. Saboda haka idan Bahaushe ya ji ana maganar haƙƙin 'yan asali, gabansa faɗuwa yake, yana jiran a ce masa ya tattara ya koma Kano. Na fahimci wannan tsoron sarai. Amma a Abuja mu ne muke zaune a kan gonar wani, mu da Ibo da Yarabawa da kowa, kuma tsoron da muka kwaso daga Jos ba zai zama dalilin toshe kunne a nan ba.

Abin da ya kwantar mini da hankali a labarin Maori shi ne ba wanda aka kora. A 1975 wata tsohuwa mai shekara 79, Whina Cooper, ta jagoranci tattaki daga ƙarshen arewacin ƙasar zuwa majalisa a Wellington, tafiyar sama da kilomita 1,000, da taken kada a ƙara karɓar ko eka ɗaya. A shekarar aka kafa hukumar sauraron koke ta Waitangi, bisa ƙoƙarin wani minista ɗan Maori, Matiu Rata. Da farko abin da ya faru daga 1975 kawai take iya dubawa, wato kusan ba komai. A 1985 aka ba ta ikon komawa har 1840. Takan je ta zauna a dandalin taron ƙabila, ta saurari tsofaffi da harshensu, ta karɓi tarihin baka da jerin kakanni a matsayin shaida, ta haɗa da tsofaffin takardun gwamnati da littattafan waccan kotun da taswirorin 'yan safiyo. Yawancin abin da take yankewa shawara ce, ba dole ba. Tun 1993 kuma doka ta hana ta ba da shawarar a karɓe filin da ke hannun wani mutum. Baturen da ya gaji gona daga kakansa yana nan a gonarsa. Gwamnati ce ta yi laifin, ita ke biya, daga filayenta da baitulmalinta.

Biyan ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Waikato-Tainui, masu eka miliyan 1.2 ɗin nan, sun karɓi abin da ya kai dalar ƙasar miliyan 170 a 1995, fili da kuɗi. Ngai Tahu na Tsibirin Kudu su ma haka a 1998. Kowa ya san ko kusa bai kama ƙafar darajar abin da aka karɓe ba. Amma Sarauniya Elizabeth da hannunta ta rattaba wa dokar da ke ɗauke da neman gafarar Waikato, kuma an rubuta a doka cewa mamayar zalunci ce, mutanen ba 'yan tawaye ba ne. Filin da Jami'ar Waikato take kai ya koma hannun ƙabilar, jami'a tana nan inda take, haya take biya. Wannan dabarar ta tsaya mini a rai, domin ba a rusa ko aji ɗaya ba. Ƙabilun biyu sun juya kuɗin, yau dukiyar kowace ta haura dala biliyan ɗaya, suna ba 'ya'yansu tallafin karatu. Harshen da a da ake dukan yara a makaranta in sun yi shi ya zama harshen hukuma a 1987.

Kada a ɗauka an gama. Maori kusan kashi 18 ne cikin 100 na jama'a, amma su ne kusan rabin waɗanda ke gidan yari, kuma a matsakaici suna riga sauran mutuwa da kimanin shekara bakwai. Ƙudurin da yarinyar nan ta yaga, David Seymour na jam'iyyar ACT ne ya kawo shi, shi kansa yana da jinin Maori. Hujjarsa ita ce kowane ɗan ƙasa haƙƙinsa ɗaya, kuma majalisa ce ya kamata ta fayyace manufar yarjejeniyar, ba alƙalai ba. Maganar tana da daɗin ji, kuma ita ce dai ake yi a nan: Abuja ta kowa ce, me ya sa wani zai ce tasa ce? Amsar da aka ba shi ita ce yarjejeniya tsakanin ɓangare biyu aka ƙulla ta, ɓangare ɗaya ba ya sake rubuta ta don ya wayi gari ya fi yawa. Mutum fiye da 40,000 suka taru a ƙofar majalisa, a Afrilun 2025 ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 112 a kan 11. Ita kuma yarinyar aka dakatar da ita daga majalisa kwana bakwai.

Maori suna da abin da Gbagyi ba su da shi, wato takardar da aka sa wa hannu. Ko da aka yi shekaru ana take ta, tana nan, jikoki suka ɗauko ta. Mutanen Abuja ba wanda ya zauna da su ya ƙulla wani alkawari a 1976, sanarwa suka ji. Amma su ma suna da abin da Maori ba su samu ba: shaidunsu na raye. Maori sai da suka shekara 135 kafin a kafa musu wurin kai kuka, lokacin duk wanda ya ga abin da idonsa ya daɗe a ƙasa. A nan kuwa wanda aka tasa daga Wuse yana saurayi yana nan da ransa, zai iya nuna maka inda rijiyarsu take a ƙarƙashin wane banki. Mu 'yan safiyo ma shaidu ne, mun san abin da muka tarar a kowane fili kafin katafila ta shiga, ko da taswira ba ta nuna ba.

Da za a tambaye ni, ba zan ce a rusa Maitama ba, ba kuma zan ce a karɓe gidan wanda ya saya da guminsa ba, nawa ma yana ciki. Cewa zan yi a kafa zama na dindindin da zai bi ƙauye-ƙauye ya rubuta wa aka tasa, daga ina, me aka yi masa alkawari, me ya karɓa. A ware wani kaso na kuɗin harajin fili da ake karɓa duk shekara ya riƙa shiga asusun waɗannan al'ummomi, a hannun amintattun da su za su zaɓa, ba a hannun mutum goma ba. A sa makabartu da wuraren ibadarsu a taswira tun kafin a yanka fuloti. Waɗannan duk doka ta majalisar tarayya ta isa ta yi su. Maganar mallakar ƙasar kanta ce mai wuya, don tana cikin tsarin mulki, gyaransa kuwa sai majalisun jihohi 24 sun amince, Abuja kuma ba ta da majalisar jihar da za ta jefa ƙuri'a a ciki.